Tambaya da Amsa: Yaƙi Ya Lafa a Afganistan, Me Ya Hana Masu Gudun Hijira Komawa Gida?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ne ga halin da iyalan Afganistan suke ciki, musamman waɗanda yaƙi da fari suka raba da gidajensu, da kuma agajin da ake cewa ana kai musu. Na zaɓi shida daga cikinsu, na gajarta tambayoyin domin amsoshin su sami wuri, kuma ina godiya ga duk waɗanda suka rubuto.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Katsina. Na san sojojin Amurka sun fice daga Afganistan a 2021, Taliban ta karɓi mulki, faɗa kuma ya lafa. To me ya sa har yanzu nake jin ana neman agaji domin 'yan gudun hijirar cikin ƙasar? Idan ba a harbi, me ya hana su komawa garuruwansu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne babban yaƙin ya ƙare a lokacin da Taliban ta shiga Kabul ranar 15 ga Agustan 2021, sojojin Amurka na ƙarshe kuma suka tashi a ƙarshen wannan watan. A ƙarshen shekarar, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 3.5 ne rikici ya raba da muhallinsu a cikin ƙasar, kimanin 700,000 daga cikinsu a wannan shekarar kaɗai. Da hanyoyi suka buɗe, dubban ɗaruruwa sun tattara ya-nasu-ya-nasu sun koma ƙauyukansu. Amma wanda ya bar gida saboda rijiya ta ƙafe, gona ta ƙi, tumaki sun ƙare, shirun bindiga bai canja masa komai ba, kuma irin waɗannan iyalai suna da ɗimbin yawa.

Domin ka fahimci lamarin, sai ka san yadda manomin Afganistan yake samun ruwa. Ƙasar ba ta da damina irin tamu. Ruwanta yana zuba ne a lokacin sanyi, galibi a matsayin dusar ƙanƙara a kan duwatsun Hindu Kush, ya daskare a can kamar hatsi a rumbu, sa'annan idan zafi ya fara shigowa ya riƙa narkewa a hankali yana cika koguna irin su Helmand da Harirud da kogin Kabul. Shi ya sa suke da karin maganar da ke cewa gara Kabul ta rasa zinariya da ta rasa dusar ƙanƙara. Noman alkamarsu iri biyu ne, akwai na ban-ruwa wanda suke kira "abi", akwai kuma "lalmi", wanda ake shukawa a gangaren tuddai a bar shi ga rahamar sama. Talakawan yamma da arewacin ƙasar galibi a kan lalmi suka dogara, kuma su ne fari yake fara kayarwa.

Suna da wata tsohuwar dabara da ta burge ni tun ranar da na fara karanta bayaninta, wadda ake kira "karez". Ana haƙa rijiyoyi ne a jere daga gindin dutse zuwa fili, a haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa da wani dogon rami mai ɗan gangare, sai ruwa ya riƙa bi da kansa har ya ɓullo a bakin gonaki, babu inji babu man fetur. Sai dai karez yana son hannu. Lokaci zuwa lokaci dole mazan ƙauye su sauka da igiya da fitila su kwashe laka da duwatsun da suka rufta, kamar yadda muke yasar rijiya. Idan yaƙi ya kori mutanen ƙauye shekara uku ko huɗu, ramin yakan toshe, wani sashe ya burma, kuma ranar da suka dawo ba za su tarar da ruwan da suka bari ba. Ga shi kuma a kudu maso yamma, musamman Helmand, rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana sun yawaita, suna zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, abin da ya sa rijiyar mai ƙaramin ƙarfi take ƙafewa da wuri.

A 2018 an yi farin da ya kori mutum sama da 250,000 daga lardunan Badgis da Gor da Herat, suka kafa tantuna da bukkokin tamfol a bayan birnin Herat da garin Kala-i-Naw. Kafin su farfaɗo, wani farin ya sake afkawa a 2021, ya zarce 2022, ya taɓa 2023. Yadda iyali yake karyewa a irin wannan hali kusan tsari ɗaya yake bi. Da farko a ci irin da aka ajiye domin shuka, sai a kai tumaki kasuwa a daidai lokacin da kowa ya kai nasa, a sayar da su a wulaƙance, sai a ci bashin gari da mai a wurin mai kanti, daga nan a jinginar da gona. Duk wanda ya zauna da dattawan da suka ga farin 1973 a ƙasar Hausa ya ji makamancin wannan, lokacin da ake ba da saniya a kan 'yan mudun gero. Mutumin da ya bi waɗannan matakai har ƙarshe, idan ka ce masa ya koma gida, kana nufin ya koma ga gonar da ba ta hannunsa, garken da babu shi, da masu bin sa bashi da ke jiran sa a bakin kasuwa. A wasu yankunan kuma akwai nakiyoyi da ragowar makaman da aka bari tun zamanin mamayar Tarayyar Sobiyet, daga 1979 zuwa 1989, da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, waɗanda har yau suke hallaka mutane, yawancinsu yara masu kiwo ko masu tsintar ƙarafa.

Tambaya: Daga wani ɗan kasuwa a Damagaram. An ce yawancin ƙasashen duniya ba su amince da gwamnatin Taliban ba, kuma akwai takunkumi a kan shugabanninta. Ta wace hanya kuɗin agaji yake shiga? Ba aljihun masu mulki yake ƙarewa ba?

Amsa: Alhaji, tambayarka ta ɗan kasuwa ce, domin ka bi sawun kuɗi. Kafin Agustan 2021, kusan kashi 75 cikin 100 na abin da gwamnatin Afganistan take kashewa daga tallafin waje yake fitowa. Rana ɗaya aka rufe wannan famfo. Aka kuma daskarar da ajiyar babban bankin ƙasar da ke waje, wajen dala biliyan 9, wadda kusan biliyan 7 daga ciki tana Amurka. Bankuna suka rasa takardun kuɗi, har aka ƙayyade wa mai ajiya abin da bai wuce kwatankwacin dala 200 ba a mako, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti suka yi watanni babu albashi. A daidai wannan lokaci ne binciken hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 22.8, wato fiye da rabin al'ummar ƙasar, za su fuskanci matsananciyar yunwa a sanyin da ke tafe. A Janairun 2022 Majalisar ta nemi dala biliyan 4.4, wanda a lokacin shi ne kuɗi mafi yawa da ta taɓa nema domin ƙasa guda.

An buɗe hanyar ne da ƙuduri mai lamba 2615 na Kwamitin Sulhu a Disambar 2021, wanda ya fayyace cewa aikin jinƙai ba ya cikin abin da takunkumi ya haramta. Amma da yake bankunan duniya suna tsoron taɓa duk wani abu mai sunan Afganistan, sai Majalisar ta koma ɗaukar tsabar daloli a jirgin sama zuwa Kabul, ana ajiye su a asusunta a wani bankin 'yan kasuwa, daga nan hukumominta da ƙungiyoyin da ke aiki tare da ita su ɗiba su biya ma'aikata, su sayi kaya, su raba wa mabuƙata. Ƙananan ƙungiyoyi da 'yan ƙasar da ke waje sukan bi ta hannun 'yan hawala, tsarin da kai ka fi ni saninsa, inda za a ba da kuɗi a Dubai a karɓa a Herat bisa amana. Game da ajiyar babban banki kuwa, a Satumbar 2022 an mayar da dala biliyan 3.5 wani asusu na musamman a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan.

Shin wani abu yana zurarewa zuwa ga masu mulki? Yana zurarewa, kuma wanda ya ce maka a'a bai gaya maka gaskiya ba. Ƙungiyoyi suna biyan haraji da kuɗin fito da na wutar lantarki. Ofishin babban mai binciken Amurka kan ayyukan sake gina Afganistan ya bayar da rahoto a 2024 cewa ƙungiyoyin da Amurka ke ba kuɗi sun biya hukumomin Taliban aƙalla dala miliyan 10.9 ta irin waɗannan hanyoyi. Akwai kuma ƙorafin cewa jami'ai a wasu larduna suna matsa lamba a sa sunayen mutanensu cikin jerin masu karɓa. Abin da nake so a auna shi ne girman wannan zurarewa idan aka ɗora ta kusa da biliyoyin da suka zama gurasa a cikin gidaje, da kuma wanda zai kwana da yunwa idan aka rufe ƙofar. An riga an gwada. A 2023 ƙarancin kuɗi ya tilasta wa Hukumar Samar da Abinci ta Duniya cire mutum miliyan 10 daga cikin waɗanda take ciyarwa, sa'annan a 2025 Amurka, wadda ita ce ta fi kowa bayarwa, ta yanke tallafinta, ɗaruruwan ƙananan asibitoci suka rufe. Ban ji labarin wani minista da ya rame a dalilin haka ba. Waɗanda abin ya faɗa wa su ne mai naƙudar da yanzu za a ɗauka tafiyar yini kafin a sami ungozoma, da yaron da tamowa ta kama.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kano. Na ji an hana mata aiki da ƙungiyoyin agaji a can. Raina ya ɓaci ƙwarai. A ganina ya kamata ƙungiyoyin su tattara kayansu su fice har sai an janye dokar. Mene ne ra'ayinka?

Amsa: 'Yar'uwa, ɓacin ranki yana kan hanya, kuma ina tare da ke a cikinsa. An rufe wa 'yan mata makarantun sakandare tun 2021, a ranar 20 ga Disambar 2022 aka hana su jami'a, bayan kwana huɗu aka hana mata aiki da ƙungiyoyi masu zaman kansu, a Afrilun 2023 haramcin ya kai ga matan ƙasar da ke aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya, sa'annan a Disambar 2024 aka rufe musu makarantun koyon jinya da ungozoma. Wannan na ƙarshe ya fi tsaya mini a rai, domin a ƙasar da ba a yarda namiji ya duba mace ba, idan aka daina yaye mata masu duba mata, to nan da shekara goma wa zai karɓi haihuwa?

Ke da kike cikin aikin kin san abin da namiji ba zai iya yi ba a gidan kulle. Yaƙin shekara arba'in ya bar wa Afganistan zawarawa masu tarin yawa, kuma a sansanoni gidajen da mace ce ke riƙe da su sun fi kowa talauci. Idan tawagar da ke zagayawa tana rubuta sunayen mabuƙata duk maza ce, za ta tsaya ne a ƙofar gida ta yi magana da maigida, gidan da babu maigida kuwa sai a wuce shi kamar babu kowa a ciki. Mace ce za ta shiga ɗaki ta ga cewa uwa ta rame har nononta ya ƙafe. Ita ce za ta ɗaga hannun rigar jariri ta naɗa masa ɗan zaren awo mai launi uku a damtse, idan ya tsaya a kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ta san dole a fara ba shi abincin gyaɗar nan na leda da muke gani a cibiyoyin tamowa na nan gida. Girgizar ƙasar da ta auku a Herat ranar 7 ga Oktoban 2023 ta nuna haka ƙarara, domin ta zo da hantsi, maza suna waje, mata da yara suna cikin gidajen laka, kuma su ne mafi yawan waɗanda suka mutu ko suka ji rauni.

Ban ga inda addini ya zo da wannan hani ba, kuma ba ni kaɗai ba ne. Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, ya fito fili ya ce hana mata karatun jami'a ya saɓa wa shari'a, Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ita ma ta nemi a janye. Mu da muka gaji Nana Asma'u da 'Yan Taru, kuma muka san labarin Rufaida al-Aslamiyya da tantinta na jinya a Madina, ba mu da dalilin yin shiru.

Sai dai a kan batun ficewa na saɓa da ke. An gwada wani abu mai kama da haka, domin washegarin sanarwar hana mata aikin agaji ta Disambar 2022, manyan ƙungiyoyi irin su Save the Children da CARE da ƙungiyar agajin 'yan gudun hijira ta ƙasar Norway sun dakatar da aiki. Bayan 'yan makonni wasunsu suka koma, da suka sami tabbacin cewa mata za su ci gaba da aiki a ɓangaren lafiya da abinci mai gina jiki. Tun daga lokacin ake tafiya da lallami, lardi bayan lardi, wani wuri a yarda mace ta fita aiki tare da muharraminta, ƙungiya ta ɗauki nauyin tafiyarsa, wani wuri a ƙi. Hanya ce mai ƙasƙanci da tsada, kuma ana iya soke ta ko da yaushe. Amma idan aka fice gaba ɗaya, bazawarar da aka hana 'yarta karatu ita ce kuma za a hana buhun gari, ta sha hukunci sau biyu a kan laifin da ba nata ba.

Tambaya: Wani ɗalibi daga Kumasi yana tambaya: mene ne ainihin abin da ake ba iyali idan an ce an kai musu agaji?

Amsa: Ɗana, galibi garin alkama ne da man girki da wake ko dangoginsa da gishiri, ko kuma kuɗi a hannu inda kasuwa take ci. Waɗanda suka rasa matsuguni ana ba su tanti da tamfol da barguna da tukwane da jarkokin ruwa. Abin da mu mutanen ƙasar zafi ba mu cika kawowa a rai ba shi ne sanyi. A Kabul da tsaunukan tsakiyar ƙasar sanyi yakan wuce matakin daskarewar ruwa nesa, hanyoyin wasu gundumomi su toshe wata da watanni, shi ya sa ake kai abinci a jibge tun kafin ƙanƙara ta sauka. Talaka yana ɗumama iyalinsa da abin da suke kira "sandali", wato ɗan gajeren tebur da ake sa kaskon garwashi a ƙarƙashinsa, a lulluɓe shi da babban bargo, kowa ya zura ƙafafunsa ciki. Wanda ba shi da kuɗin gawayi yakan ƙona leda da tsofaffin takalma, hayaƙin ya shiga ƙirjin yara. A farkon 2012 yara da dama sun mutu saboda sanyi a sansanonin Kabul, ciki har da na Charahi Kambar, inda mutanen da suka gudo daga Helmand suke zaune. Saboda haka kuɗin makamashi na lokacin sanyi yana cikin manyan abubuwan da ake rabawa.

Tambaya: Daga wata uwa a Zariya. Muna da namu 'yan gudun hijirar a Borno da Zamfara da Katsina, wasu ma a unguwarmu suke bara. Shin ya dace in aika zakkata ko sadakata Afganistan? Kuma ina ƙasashen Musulmi suke a wannan lamari?

Amsa: Hajiya, Allah Ya saka da alheri da wannan niyya. A mazhabar Malikiyya da muke bi, asali shi ne a raba zakka a wurin da ta wajaba, ba a ɗauke ta zuwa nesa sai idan mutanen can sun fi na kusa tsananin buƙata. Ki zauna da malamin da kika amince da shi a kan yanayinki, amma idan shawarata kike nema, matar da ta gudo daga ƙauyenta take kwana a kangon unguwarku tana da haƙƙi biyu a kanki, na buƙata da na maƙwabtaka, kuma kina iya ganin inda kuɗinki ya sauka da idonki. Sadaka kuwa ƙofarta a buɗe take. Idan zuciyarki ta karkata can, ki bi ta hannun hukumomin da aka sani kuma suke aiki a ƙasar, kamar asusun zakka na hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ko Islamic Relief, ko ƙungiyar likitocin nan ta MSF da ke aiki a asibitin Boost na garin Lashkar Ga. Ki guji lambar asusun da ake yaɗawa a WhatsApp tare da hoton yaro mai kuka.

Game da ƙasashen Musulmi, ministocin harkokin wajensu sun yi taro na musamman a Islamabad ranar 19 ga Disambar 2021, suka amince a kafa asusun jinƙai na Afganistan a ƙarƙashin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi. Nijeriya ta ba da dala miliyan 1 a 2022, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a gida, wasu suna cewa wanda ɗakinsa yake yoyo ba ya gyara rufin maƙwabci. Ni ban ga aibun kyautar ba, domin mu ma da taimakon waɗanda ba su san mu ba aka ciyar da dubban mutane a arewa maso gabas. Abin da ya dame ni shi ne abin da asusun ya tara bai kai ko kusa da girman buƙatar ba, kuma har zuwa lokacin da Amurka ta janye, mafi yawan kuɗin da ke ciyar da Musulmin Afganistan daga ƙasashen Yamma yake fitowa. Wannan abu ne da ya kamata masu arzikin man fetur na Gabas ta Tsakiya su ji nauyinsa.

Maƙwabtan ƙasar biyu kuma, Pakistan da Iran, waɗanda suka ɗauki nauyin miliyoyin 'yan Afganistan shekara da shekaru, abin da ya cancanci yabo, yanzu korar su suke yi. A Oktoban 2023 Pakistan ta ba marasa takardu wa'adin 1 ga Nuwamba, cikin 'yan watanni kusan mutum rabin miliyan suka tsallako ta iyakokin Torkam da Spin Boldak. A 2025 Iran ta tsananta nata korar ta iyakar Islam Kala, kuma a wannan shekarar kaɗai waɗanda suka dawo daga ƙasashen biyu sun haura miliyan 2. Da yawansu a can aka haife su, ba su da gona ko ɗaki a ƙasar da ake ce musu tasu ce, don haka daga mota sai bayan gari, kusa da waɗanda fari ya koro.

Tambaya: Ni manomi ne a ƙasar Gobir. Rabon abinci ba ya ƙarewa, yau ka ba mutum gobe ya dawo. Babu wani taimako da zai tsayar da mutum da ƙafarsa?

Amsa: Akwai, Malam, kuma shi ne mafi araha, shi ne kuma aka fi yi wa rowa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana raba wa manoma buhun ingantaccen irin alkama da buhunan taki biyu, tare da ɗan horo. A lissafin da ta bayar a ƙarshen 2021, wannan ƙunshi bai kai dala 200 ba, kuma idan shekara ta yi kyau yana iya samar wa iyali alkamar da za su ci har shekara ta zagayo, alhali ciyar da iyalin nan da hannu na tsawon shekara ya haura dala 1,000. Haka abin yake ga makiyaya, ciki har da Kuchi, masu yawo da garkensu tsakanin tsaunuka da kwari kamar Fulaninmu. 'Yan buhunan abincin dabbobi da allurar rigakafi a tsakiyar sanyi suna iya tsare wa mace tumaki biyar ɗin da take tatsa, kuma muddin tumakin nan suna raye da wuya ta ɗauki 'ya'yanta ta nufi sansani. Akwai kuma aikin gayya da ake biya, inda ake ba mazan ƙauye kuɗin yini su yashe karez, su gyara magudanan ruwa, su gina ƙananan shingayen dutse da ke rage gudun ambaliya. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin ƙasar da ta bushe ta ƙeƙashe ba ta shan ruwa, kuma ambaliyar da ta auka wa lardin Baglan a Mayun 2024 ta kashe ɗaruruwan mutane cikin yini guda.

Matsalar ita ce masu bayarwa sun ja layi tsakanin agajin ceton rai, wanda suka yarda da shi, da aikin raya ƙasa, wanda suke gudu kada a ce sun taimaki gwamnatin Taliban. Gyaran madatsar ruwa ko babbar hanyar ban-ruwa yakan faɗa a ɓangare na biyu. A ganina wannan layi yana cutar da talaka fiye da yadda yake takura wa mai mulki, domin yana nufin a yarda a kai wa mutum ruwa a tanka bayan ya zama ɗan gudun hijira, amma a ƙi gyara masa ruwan da zai hana shi gudun. Ita gwamnatin Taliban ta sa ƙarfinta a kan babbar hanyar ruwa ta Kosh Tepa, mai tsawon kilomita 285, wadda aka fara haƙawa a 2022 domin janyo ruwan kogin Amu Darya zuwa filayen arewa, aikin da ya tayar da hankalin Uzbekistan da Turkmenistan. Ko da an kammala shi, ba zai kai ga manomin lalmi na tuddan Badgis ba. Ga kuma hana noman ofiyom, wato tsiron da ake yin miyagun ƙwayoyi da shi, da aka yi a Afrilun 2022, wanda ya rage noman da kusan kashi 95 cikin 100 a shekarar da ta biyo baya. Mataki ne mai kyau, amma ya bar dubban 'yan ƙwadago da ƙananan manoma ba tare da abin da zai maye musu gurbinsa ba.

Kai manomi ne, ka san iri yana da lokacinsa. Alkamar sanyi a Afganistan ana shuka ta ne daga Oktoba zuwa Disamba, a girbe daga Mayu zuwa Yuli, gwargwadon yanki. Watannin da suka fi tsanani su ne na ƙarshen sanyi zuwa gab da girbi, lokacin da rumbu ya ƙare. Idan kuɗin masu bayarwa ya makara, iri bai isa ƙauye ba har ƙasa ta daskare, to wannan shekarar ta wuce manomin, kuma sunansa zai koma cikin jerin masu jiran buhun gari har kaka mai zuwa.